Doki a Baya, Takarda a Aljihu: Neman Inshorar Tirelar Dawaki Mai Sauƙin Kuɗi

Ana saura kwana biyu babbar sallah tayar hagu ta tirelar Kawu ta fashe, sun ɗan gota Kwanar Ɗangora a hanyarsu ta zuwa Zariya. Direban har gobe rantsuwa yake bai wuce sittin ba. Tirelar ta yi lilo sau biyu, ta daki ƙeyar wata Sharon da ta tsaya sauke fasinja, sannan ta kwanta a gefen titi. A cikinta akwai ingarma bidi da Kawu ya yi shekara huɗu yana ci da shi, da kuma yaron da ke kula da shi, wanda ya taho a tsaye yana riƙe da ragama tun daga gida.

Allah ya taƙaita, babu wanda ya rasu. Yaron ya karye a tsintsiyar hannu. Dokin ya yanke a ƙafar baya, yankan da ya hana shi hawa a wannan sallar da ta bayanta. Sharon ta lotse, gilashinta na baya ya zube. Ita kuwa tirelar, ƙarfen da ake maƙala ta a jikin mota ya lanƙwashe kamar an murɗe kara.

Da na isa wurin na tarar da Kawu a tsaye, babbar riga a kafaɗa, yana ba mai Sharon haƙuri cikin natsuwar mutumin da ya san yana da madogara. Ya zaro wata takarda daga aljihu ya miƙo mini.

"Kai ɗan boko, duba nan. Ai muna da inshora. Naira 15,000 na biya, ba ta bayan fage ba ce."

Gaskiyarsa, takardar sahihiya ce. Sai dai da muka je ofishin kamfanin bayan sallah, tambayar farko da ma'aikaciyar ta yi ita ce ta kashe mana jiki: "Alhaji, lokacin da aka cike fom, an rubuta cewa motar za ta riƙa jan tirela?" Ba a rubuta ba. Babu ma wanda ya tambaya, domin a bakin ofishin lasin aka yanki takardar, hannun wani wakili mai teburi ƙarƙashin bishiya. An yi ta kai-kawo da wasiƙu har wata uku. Mai Sharon ya gaji da jira, dattawa suka shiga tsakani, Kawu ya biya gyara daga aljihunsa. Ya biya mai ɗori, ya biya likitan dabbobi, ya biya mai walda. Daga nan ya ɗora mini aikin da ya haifar da wannan rahoto: in nemo masa inshorar da za ta yi aiki ranar da ake bukatarta, amma kada kuɗinta ya kai kuɗin harawar shekara.

Doki ya koma fasinja

In ka ce wa Bahaushe "tirela", abin da zai zo masa a rai shi ne doguwar motar nan mai ɗaukar shanu daga Potiskum zuwa Legas. Wadda ake magana a nan daban ce. Ɗan akwati ne mai rufi da tayoyi huɗu, ba shi da inji, ana maƙala shi a bayan Hilux ko jif, yana ɗaukar doki ɗaya ko biyu, ƙofarsa ta baya tana sauka ta zama matakala. Ta Kawu tsohuwa ce da aka shigo da ita daga Ingila, ƙirar kamfanin Ifor Williams na yankin Wales, wanda yake ƙera tireloli tun 1958. Irinta ba su da yawa a nan. Yawancin dawakinmu a bodin Kanta suke tafiya, ko a bayan a-kori-kura da mai walda ya ɗaga wa ƙarfe, an zuba yashi ko buntun shinkafa a ƙasa don kada kofato ya zame.

Abin da ya canza shi ne yawan tafiyar. A da doki shi ne motar. Yanzu shi ake ɗauka. Wasan folo, wanda Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungume shi, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna a cikinsa har ƙasashen waje, yana zagayawa ne gari-gari: Katsina, Kano, Kaduna inda ake buga Kofin Georgian tun 1919, Jos, Abuja, har Ikoyi a Legas. Ga filin Fifth Chukker a Kangimi kusa da Kaduna, inda ake ganin dawakin da aka sauko da su daga Ajantina, waɗanda kuɗin ɗaya ya isa ya sayi motar da ta ɗauko shi har a yi canji. Ga hawan sallah, wanda na Kano ya shiga kundin al'adun duniya na UNESCO a watan Disambar 2024. Ga sukuwa, ga kilisar samari ta ƙarshen mako, ga hawan angwanci da ya zama yayi. Ga fatake masu sayo dawaki a Maigatari ranar Alhamis da Mai'aduwa ranar Lahadi. Duk wannan zirga-zirga a kan kwalta take, a kan titunan da kowa ya san halinsu.

Amma ka tsaya a bakin barga ka tambayi masu dawaki goma wace irin inshora ke kan abin da suke ɗaukar dukiyarsu da shi, amsar da za ka fi ji ita ce, "Akwai takardu." Takardun da ake nufi su ne waɗanda ake miƙa wa ɗan sanda ta taga.

Abin da takardar aljihu ta ƙunsa

Inshorar da doka ta wajabta wa kowace mota a Najeriya tun dokar 1945, wadda direbobi ke kira tad-fati, ba don kai aka yi ta ba. Don wanda ka buge aka yi ta: ransa, lafiyarsa, dukiyarsa. Motarka, kayanka, dokinka, ko ɗaya ba ya ciki. Da yawan mutane ba su san wannan ba sai ranar da ta faru.

Shekara da shekaru kuɗinta Naira 5,000 ne. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga farashin. Motar gida ta koma Naira 15,000, diyyar ɓarnar dukiyar wani kuma har Naira miliyan 3. Motar da mutum ke ɗaukar kayan kansa da ita Naira 20,000, diyya har miliyan 5. Babbar motar dakon kayan jama'a Naira 100,000, ita ma diyya har miliyan 5. Cikakkiyar inshora kuwa, wadda ke biyan ɓarnar motarka kai kanka da gobara da sata, hukumar ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar, bayan an cire duk wani rangwame. Daga 1 ga Fabrairun 2025 kuma 'yan sanda suka fara matsa wa direbobi a kan takardar inshorar dole a duk faɗin ƙasar.

Wannan jerin farashi yana koya wa mai neman sauƙi darasi biyu. Na farko, a inshorar dole babu ciniki. Duk wanda ya ce zai yankar maka ta motar gida a kan Naira 7,000, to takarda kawai ya sayar maka, da hatimi mai kyau da sa hannun wanda babu shi. Gane ta ba wuya: ka danna *565*11# a wayarka, ka sa lambar motar, rumbun bayanan kamfanonin inshora zai nuna maka ko tana nan ko babu. Minti ɗaya ne. Na biyu, rukunin da aka sa motarka a ciki shi ne komai. Hilux ɗin Kawu a takarda motar gida ce, ta zuwa ɗaurin aure da kai yara makaranta. A zahiri kuwa tana jan akwatin da nauyinsa shi kaɗai ya kusa kilo 1,000, ga doki mai kilo 400 ko fiye a ciki. Kamfanin inshora bai karɓi kuɗin wannan haɗarin ba, domin ba a gaya masa ba. Naira 15,000 ɗin da Kawu ke alfahari da ita ta sayi kariya ce ga wata mota daban, wadda ba ta jan komai.

Ba na wanke kamfanonin. Sun san wakilansu ba sa tambaya, kuma ba ya damunsu muddin kuɗi na shigowa. Sai ranar biya ne kowa ke zama lauya. Amma ƙa'idar inshora a ko'ina ita ce mai saye ya faɗi duk abin da zai iya canza lissafin haɗari, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Wanda ya yi shiru ya ba su ƙofar fita da hannunsa.

Yadda ake yi a ƙasar da aka ƙera ta

Da yake tirelar daga Birtaniya ta fito, na waiwayi yadda su suke yi, kuma na ga matsalar iri ɗaya ce, sai dai su sun daɗe da rarraba ta. A can ma doka ba ta ce a yi wa ƙaramar tirela inshora ta daban ba. Galibi inshorar motar da ke janta tana biyan wanda tirelar ta yi wa ɓarna matuƙar tana maƙale da motar. Amma in ita kanta ta lalace, ko aka sace ta, ko ta gangara ta daki wani abu alhali an kwance ta, wannan wani zance ne, sai wanda ya sayi kariya ta musamman. Shi ya sa kamfanoni irin su NFU Mutual, wanda manoma suka kafa a 1910, suke sayar da inshorar tirelar doki ita kaɗai, ko su haɗa ta da ta dokin.

Babban abin da ke damunsu sata ce, domin abu ne da ɓarawo zai maƙala a motarsa ya ja cikin minti biyu. Saboda haka sharaɗin da aka fi gani a takardunsu shi ne a sa kwaɗo a ƙugiyar maƙalawa, a sa ƙarfen da ke danne taya duk lokacin da aka ajiye ta. Wanda ya yi sakaci aka sace, babu ko sisi. Wanda ya ajiye ta a killataccen wuri, ya sa mata alamar da ba ta gogewa ko na'urar bin sawu, kuɗinsa kan sauka. Wato a can sauƙin farashi ba roƙo ake yi a samu ba, hali ake nunawa a saye shi.

Dokokin hanya ma suna shiga lissafi. Mai jan tirela ba ya wuce mil 60 a sa'a a babban titi, mil 50 a titi mai hannu biyu marar shinge, kuma duk tirelar da nauyinta da kaya ya haura kilo 750 dole ta kasance da birkinta. Daga 16 ga Disambar 2021 gwamnati ta soke jarrabawar musamman da ake yi wa masu jan tirela, ta bar mai lasin ɗin mota ya ja har kilo 3,500. Ni dai ban ga hikimar wannan ba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda akwati mai rai a ciki ke lilo a bayan mota ya san ba tuƙin da aka saba ba ne: buhun masara ba ya gyara tsayuwa a tsakiyar kwana, doki yana yi.

Akwai kuma wata shari'a da masu dawakin Ingila ba sa mantawa da ita, ta Mirvahedy da Henley. A 1996 wasu dawaki uku suka firgita cikin dare a yankin Devon, suka ɓalle shinge, suka fantsama kan babban titi, ɗaya ya yi karo da mota, direban ya ji mummunan rauni. Babu wanda ya nuna masu dawakin sun yi sakaci. Duk da haka a 2003 kotun ƙoli ta lokacin, wato Majalisar Dattawan Birtaniya, ta yanke cewa alhakin yana wuyansu a ƙarƙashin dokar dabbobi ta 1971. Tun daga nan mai doki a can ya san ba ƙarfe kaɗai yake yi wa inshora ba, har da ɓarnar da dabbar za ta iya yi. Wannan ba baƙon hukunci ba ne a wurinmu. Duk wanda ya yi karatun Risala a zaure ya san mai hawa da mai ja da mai kora suna lamunin abin da dabbarsu ta taka. A ranar Kwanar Ɗangora, da bidin Kawu ya kuɓuce ya shiga cikin masu sayar da rake, da babu takardar da za ta tsaya masa.

Abu huɗu ne ke kan hanya

Da na fara yawon ofisoshi, kuskuren farko da na yi shi ne tambayar, "Nawa ne inshorar tirelar doki?" Wani ya ɗauka babbar tirela nake nufi ya yanko mini farashin dakon kaya. Wata ta ce ba sa yin dabbobi, ta koma kan kwamfutarta. Sai da na zauna da wani tsohon dillalin inshora mai rajista, wanda ya ɗauki biro ya ja layi huɗu a bayan ambulan, sannan na gane inda gizo ke saƙa. Abin da ke tafiya a kan titi ba abu ɗaya ba ne: ga mota, ga tirela, ga doki, ga mutumin da ke tare da dokin. Kowanne da irin takardarsa, kuma ba dole ne a sayi mafi tsada a kowanne ba.

Layin farko, na motar da ɓarnar da za a yi wa wani, shi ne mafi arha kuma mafi muhimmanci. Abin da ake bukata shi ne a gaya wa kamfani a rubuce cewa motar tana jan tirela, a ba da lambar jikin tirelar da nauyinta, su kuma su rubuta amincewarsu a jikin takardar. Maganar baki ba ta shiga kotu. A nan ne kuma ya kamata mutum ya nemi a ɗaga masa iyakar diyya, domin Naira miliyan 3 a kasuwar yau ba za ta gyara gaban jif ɗin zamani ba, sauran kuwa daga aljihunka zai fito.

Na tirelar kanta shi ne inda lissafi ke da daɗi, kuma inda masu wayo ke cutar kansu. A ce darajarta Naira miliyan 8. In aka bi ma'aunin kashi 5, Naira 400,000 ke nan a shekara. Kawu da ya ji haka sai da ya cire hula. "Ɗan nan, to a rubuta miliyan huɗu mana, wa ya san nawa na saye ta?" Dabarar da kowa ke fara kawowa ke nan, kuma tarko ce. Akwai wani sharaɗi a yawancin takardun inshorar dukiya: in ka rubuta rabin darajar abu, to ka zama abokin tarayyar kamfani a rabin kowace asara. Tirelar miliyan 8 da aka rubuta miliyan 4, in ta yi ɓarnar miliyan 2, miliyan 1 za a ba ka. Mutane da yawa ma ba da gangan suka faɗa wannan rami ba. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo baya, duk abin da aka shigo da shi daga waje darajarsa ta ninka, su kuwa suna sabunta takarda da tsohon adadi.

Halastattun hanyoyin rage kuɗin suna nan, sai dai kowacce tana da abin da za ka bayar. Kana iya ɗaukar wani kaso na farko na kowace asara a wuyanka, a ce Naira 150,000, kamfani ya biya abin da ya haura. Da yake ƙananan gyare-gyare ne suka fi cinye musu lokaci, sukan sassauta. Kana iya sayen kariyar gobara da sata kaɗai, ka bar gyaran haɗari a hannun mai waldarka, wanda ga tsohuwar tirela shi ya fi ma'ana. Kana iya haɗa mota da tirela da gida a kamfani ɗaya ka nemi ragi. Kana iya taƙaita direbobi zuwa mutum ɗaya ko biyu da aka ambata da suna. Hotunan tirelar ta kowace kusurwa, takardar kwastan, rasit, shaidar cewa a cikin gida mai ƙofa da mai gadi take kwana, duk suna sa mai ƙiyasta haɗari ya daina ƙara kuɗi don tsoron abin da bai gani ba. Kuma a tambayi aƙalla kamfani uku. Dillali mai rajista ba ya karɓar lada a hannunka, kamfani ke ba shi kamasho, don haka barinsa ba tsimi ba ne.

Abu ɗaya da ba a yin ƙarya a kansa shi ne haya. Duk mai abin ɗaukar doki a garin nan ya san da sallah waya ba ta hutawa: wannan ɗan'uwa, wancan amini, "a taimaka a kai mini nawa, zan sa mai." Da zarar kuɗi ya shiga tsakani, kamfani na iya cewa dako kake yi, kuma takardar mai ɗaukar kayan kansa ba ta ɗauke dako ba. Dokin wani da ya mutu a hannunka kuwa, inshorar kaya a kan hanya da aka saba sayarwa galibi tana cire dabbobi masu rai ƙarara. Sai an nemi a rubuta su musamman.

Shi kansa dokin, inshorarsa ta dabbobi ce, ba ta mota ba. Akwai hukumar inshorar noma ta tarayya, NAIC, wadda shirinta ya faro a 1987, akwai kuma kamfanoni masu zaman kansu da ke yin ta amfanin gona da dabbobi. Za su nemi takardar likitan dabbobi, da shekarun dokin, da kamanninsa, da allurar rigakafin da aka yi masa. Abin da mai saye zai buɗe ido a kansa shi ne ko mutuwa da rauni a cikin tafiya suna ciki, da kuma ciwon da tafiya ke jawowa. Dokin da aka ɗaure wa kai sama na tsawon sa'o'i, bai samu ya sunkuya ya fyace ƙura ba, yana iya kamuwa da ciwon huhu kwana ɗaya ko biyu bayan an sauke shi. Tsakanin Kano da Legas tafiyar yini da dare ce. In takarda ta ce haɗarin mota kaɗai, to wannan mutuwar ba a san da ita ba.

"Ba caca ba ce?"

Duk wannan bayani da na kai wa Kawu, ya saurara yana jan carbi, sannan ya yi tambayar da na san tana tafe. Ta dole ya yarda da ita don hukuma ta tilasta. Amma ya ɗauki kuɗi da ganin damarsa ya ba kamfani, in haɗari ya zo su ba shi ninki goma, in bai zo ba su cinye, ina bambancin wannan da caca?

Tambayar ba ta jahilci ba ce. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta duba lamarin a 1985, ta ce inshorar kasuwanci da aka saba tana da garari mai ɓata ciniki, amma ta taimakekeniya wadda aka gina a kan kyauta ta halatta. Ita ce takaful. Kamfanin farko na irinta a Sudan aka kafa shi a 1979, ƙarƙashin Bankin Musulunci na Faisal. A Najeriya NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, kuma a 2016 aka ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasin, wasu suka biyo baya. Tsarin shi ne mahalarta su zuba gudunmawa a asusu ɗaya da niyyar taimakon duk wanda masifa ta faɗa wa, kamfani ya zama wakili mai kula da asusun a kan lada sananne, ba a juya kuɗin a harkar riba, in shekara ta ƙare da rara a raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba.

Kada dai a ruɗi kowa: takaful ba ta nufin araha. Farashin inshorar dole ɗaya ne a wurinsu da sauran, sharuɗɗan faɗin gaskiya da na daraja su ma suna nan daram. Abin da ta ƙara shi ne kwanciyar rai, da ɗan abin da kan dawo a shekarar da aka samu rara.

Ni abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda masu dawaki ba su yi amfani da ƙarfin da suke da shi ba. Kowace unguwa mai barga tana da ƙungiyar mahaya, da shugaba da ma'aji, suna tara kuɗin anko da na makaɗa ba tare da gardama ba. Kamfanin da ke yatsina fuska in ka kawo masa tirela ɗaya, domin bai san yadda zai ƙiyasta ta ba, zai miƙe tsaye in aka kawo masa motoci ashirin da dawaki sittin a takarda ɗaya. Kulob-kulob ɗin folo sun fi kowa damar yin haka. Na kawo wannan shawara a wani zaman mahaya, aka ce magana ce mai kyau, aka koma zancen wanda zai sayi sabon sirdi.

Layi na huɗu

A bayan ambulan ɗin dillalin nan, layi na huɗu shi ne na kasa kallo. Mun yi wata uku muna jayayya a kan Sharon, mun auna darajar tirela har sau biyu, mun kira likita ya duba haƙoran bidi. Yaron da ya karye, wanda yake kwana a barga, yake tashi da asuba ya jiƙa dusa da kanwa, babu wanda ya tambayi wace takarda ce ta san da shi. Babu ko ɗaya. Inshorar dole ba don ma'aikacinka aka yi ta ba, kuma mutumin da aka ɗauka a cikin akwatin kaya, inda babu kujera babu bel, yawancin kamfanoni ba sa lissafa shi a fasinja. Akwai dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta ce mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashi a asusun NSITF, amma ban taɓa ganin bargar da ta san hanyar ofishinsu ba. Inshorar haɗarin mutum ɗaya kuwa, da na tambayi kuɗinta, ita ce mafi arha a duk abin da aka lissafa mini bayan ta dole.

Ga abin da Kawu ya tsaya a kai daga ƙarshe. An mayar da Hilux rukunin mai ɗaukar kayan kansa a wani kamfanin takaful, an rubuta tirelar da lambarta a jikin takardar, an ɗaga iyakar diyya. Tirelar an yi mata ta gobara da sata kawai, da cikakkiyar darajarta, ya sayo kwaɗon ƙugiya. Ya yi wa direba da yaron ta haɗari, bayan na yi masa naci har ya ce in bar shi ya sha iska. Dokin ya ce a bar shi a hannun Allah, kuma ban iya juya shi ba. Ya canza tayoyi huɗu, domin da mai faci ya karanta mana lambobin da ke jikin wadda ta fashe, ashe ta shekara goma sha ɗaya da ƙerawa, duk da zanenta bai cinye ba.

Ranar da za su koma Zariya karon farko bayan haɗarin, na je da sassafe. Bidi ya tsaya a bakin matakalar ya ƙi hawa, yana huci, kunnuwa a baya. Yaron ya rufe masa ido da tsohon rawani, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, ya ja shi a hankali har ya shiga. Ya sassauta igiyar yadda dokin zai iya sunkuyawa, ya rataya masa ragar harawa, sannan ya gyara tsayuwa a gefensa kamar yadda ya saba.

Kawu ya leƙa ta ƙaramar ƙofar gaba. "Kai, fito. Gidan gaba za ka zauna."

"Baba, zai yi ta harbi in babu kowa."

"Ya harba. A Kwanar Ɗangora za ku tsaya ka duba shi, a Tashar Yari ma ku tsaya."

Yaron ya fito yana waiwaye, ya shiga kusa da direba. Sun kai ƙarshen layin ana jin ƙarar kofato a jikin bangon tirelar.